Hadassah a Bencin Baya

Litinin, 12 ga Satumba, bayan karin kumallo

Yau ma na samu layi a shirin safe na rediyo. Lawal mai gabatarwa ya san muryata, kafin in gama gaisuwa ya ce, "Baba Fredrick daga Jimeta, tsohon hedimasta, muna jin ka." Maganar tubabbu ake yi. Na faɗa musu abin da nake faɗa kullum. Mutum ya yi shekaru yana yanka jama'a, ranar da yunwa ta koro shi daga daji sai a ɗinka masa farar riga, a ba shi keken ɗinki, a ce ya tuba. Wa ya shiga zuciyarsa ya gani? Gafara ta Allah ce, hukunci na gwamnati ne, kuma gwamnatin da ta bar hukunci ta koma rabon keken ɗinki ta ci amanar matattu. Na ƙara da cewa matansu da 'ya'yansu ma kada a cusa mana su a unguwa. Wani ya kira bayana ya ce na cika zafi. Lawal ya tuna masa cewa ni uba ne da aka yanka wa 'ya a Mubi, nan take ya ba da haƙuri. Haka suke yi dukansu, kuma ba zan ɓoye ba, yana yi mini daɗi.

An kira matata Lilian a waya daga barikin soja. Ta fita ko ɗankwali ba ta ɗaura ba. Ban bi ta ba.

Talata, 13 ga Satumba, da rana

'Yata Hadassah tana da rai. Tana ɗakin baya.

Alhamis, 15 ga Satumba, da yamma

Bari in rubuta shi sau ɗaya, ba zan sake ba.

Tana karatu a Mubi aka ci garin, shekara takwas ke nan. Wani ɗan ajinsu da ya tsere ta kan duwatsu ya zo har falon nan ya ce da idonsa ya gani: an ce ta karɓi kalmarsu, ta ƙi, aka yanka ta. Mun yi addu'ar bankwana ba gawa. Zumuntar Mata suka yi mata waƙa, ana rera ta da tulu da kacau-kacau duk Lahadin ƙarshe ta Oktoba. Ni kuma babu inda ban je na ba da shaida ba, Numan, Ganye, Mayo-Belwa, har ƙauyukan da mota ba ta shiga. Na ga ƙarti suna share hawaye. Ni da na yi ritaya ba wanda ya san da ni, sai ga shi ana tashi a ba ni kujera.

Shekaranjiya ta shigo bayan uwarta cikin hijabi har ƙasa, ta rame kamar kara, haƙori ɗaya babu. Tana riƙe da hannun wata yarinya da ba za ta wuce shekara biyar ba. Sunanta Yusrah, wai. Uban ya mutu a daji, wai. Ta durƙusa ta ce, "Baba." Na ce mata sannu da hanya.

Tambaya ɗaya na yi mata. "Kin faɗi kalmarsu?"

Ta ce, "Na faɗa, Baba."

Na tashi na je ba kaji ruwa.

Asabar, 17 ga Satumba, da safe

Maganar tikitin addini ɗaya a zaɓen shugaban ƙasa ce ta cika gari. Masu cewa cancanta ake dubawa su sa hannu a ƙirji su faɗi ko da namu ne biyu a sama za su tuna da cancanta. Abin da ya fi ba ni haushi namu ne da ke bin su da riguna masu hoto, suna washe baki. Mai bi da ya sayar da ƙuri'arsa saboda atamfa, ranar tsanani me zai riƙe? Matsalarmu ke nan, ba mu iya tsayawa. Kowa yana da dalili. Kowa an matsa masa.

Maƙwabcinmu Bappayo tela, Bafulatani, ya shigo da ƙwaryar fura da nono. "Jam na, Malam? Barka, barka. Yarinya ya dawo." Na ce ya dawo. Ya tsaya yana jiran in ƙara wani abu, da ya ga shiru ya ce, "Ƙanena a Madagali aka ɗauke shi, ka sani. Namu bai dawo ba, Malam. Naka ya dawo." Ya ce a riƙa tura ƙaramar ta yi wasa da jikokinsa. Na gode masa. Na san inda irin wasan nan yake ƙarewa.

Lahadi, 18 ga Satumba, bayan sujada

Hadassah ba ta je ba. Kowa ya sani. Matan da ke rugowa su karɓi jakata yau gaisuwa suka yi mini daga nesa, irin wadda ake yi wa mai ciwon ido.

Laraba, 21 ga Satumba, da yamma

Fasto Gabriel ya zo. Yaro ne mai kirki, amma taushinsa ya yi yawa, kamar tuwon da aka cika wa ruwa. Yana so a yi sujadar godiya, a yanka akuya, Zumunta su rako ta da rawa daga ƙofa har gaban bagade.

Na tambaye shi godiyar me. Ya ce godiyar rai. Na ce kaza ma tana da rai.

Na tuna masa dokar ikkilisiya, wadda na riga shi sani tun bai iya ɗaura wando ba. Wanda ya yi musun bangaskiya, da macen da ta haihu ba aure a gaban Allah, horo suke shiga. Su zauna a bencin baya, ba su cin Jibin Ubangiji, ba su waƙa, har ranar da za su tsaya gaban jama'a su furta laifinsu a karɓe su. Ita ta haɗa duka biyun. Ni ne dattijon da ya sa 'ya'yan mutane da yawa a bencin nan, iyayensu suna kuka ban duba ba. Yanzu da ya zo kaina sai in ce a kawo akuya?

Ya ce, "Baba, waɗancan da son ransu suka yi. Wannan wuƙa aka sa mata."

Na ce wuƙar ai ita ce jarrabawar. Ba a cin jarrabawa a gida kan kujera.

Lilian tana bakin ƙofa tana ji. Bayan ya tafi ta ce, "Baban Hadassah, babban almajirin Ubangiji ma ya yi musu, kuma ba wuƙa a wuyansa." Na ce mata daga yau ta kira ni Baban Ishmael, ai ina da ɗa.

Jumma'a, 23 ga Satumba, da rana

An kira salla a masallacin su Bappayo. Yarinyar ta ɗauko zanen kakarta ta shimfiɗa a tsakar gidana ta tsaya a kai. Na janye zanen. Ba ta yi kuka ba, kallona kawai ta yi. Idon ba namu ba ne.

Lahadi, 25 ga Satumba, bayan taron dattawa

An yi yadda na ce. Biyu sun so su goyi bayan fasto, amma wa zai fi uba tausayin 'yarsa a bainar jama'a? Duk suka sunkuyar da kai. Ɗaya har ya ce samun irina sai an tona. Na dawo gida a ƙafa, ban hau Keke ba, raina wasai.

Ambaliya ta cinye gonakin bakin Binuwai, mutane suna kwana a makarantu. Kowace shekara a sako ruwa daga madatsa, kowace shekara manya su zo da buhu da mai ɗaukar hoto. Ƙasar da ba a hukunta kowa a cikinta haka take zama. Da za a kama mutum ɗaya a ɗaure, sauran za su shiga taitayinsu.

Talata, 27 ga Satumba, da safe

Na ƙone hijabin a bayan gida. Na yi shekaru ina faɗa a rediyo cewa ba za a shigo mana da shi makarantun mishan ba, ba zan zauna ina kallon sa yana shanye a igiyata ba.

Ban san haka tabo ya cika wuyanta da bayanta ba. Lilian ta ba ta gyale.

Alhamis, 29 ga Satumba, da yamma

A rediyo wata likita tana cewa a sassauta dokar zubar da ciki ga matan da aka yi wa fyaɗe. Na kira na ce mata rai rai ne, ɗan da ke ciki bai zaɓi ubansa ba, ba a kashe shi saboda laifin wani. Na yi magana mai kyau, ni kaina na ji.

Da na ajiye waya Lilian tana tankaɗe. Ba ta ɗago ba ta ce, "To wanda bai zaɓi ubansa ba yana nan a tsakar gida, kai ka ware masa kwano."

Wannan daban. Ban ce a kashe ta ba. Tana ci, tana sha, tana kwana a ƙarƙashin kwanon rufina. Babu inda aka ce sai na ɗora ta a cinya. Mata ba su iya raba magana da magana.

Yarinyar tana kira na Kaka. Ban san wanda ya koya mata ba.

Lahadi, 2 ga Oktoba, bayan sujada

Ta zauna a bencin baya, wanda ke jikin ƙofa, inda rana ke bugawa. Ita da yarinyar da wata 'yar ƙungiyar waƙa da ta yi ciki bara. Daga kujerar dattawa ana hango wurin sarai. Lokacin Jibi aka wuce da tire ta gabanta, mai rabon ya yi ɗan jim, na dube shi, ya wuce.

Ba ta sunkuyar da kai ba. Wannan ya dame ni. Duk waɗanda na sa a bencin nan kansu a ƙasa yake. Ita gaba take kallo, kamar mai jiran mota.

Shugabar Zumunta ta tare ni a waje tana murza hannu. "Baba, waƙa ɗin fa? Ƙarshen wata ya kusa. Yaya za mu yi, mai waƙa yana zaune a baya?" Na ce waƙar ba ta yi laifin komai ba, a bar ta yadda take.

Talata, 4 ga Oktoba, da rana

Jirgin sama ya wuce. Sai ga su biyu a ƙarƙashin gadona, uwa ta danne 'ya. Da ƙyar Lilian ta fito da su. An fasa mini tabarau a garin gudu.

Alhamis, 6 ga Oktoba, bayan karin kumallo

Ana muhawara kan kare kai, ko manomin da aka tare a gonarsa yana da ikon rama wa kansa. Na ce yana da shi, dokar da ta ce ka tsaya a yanka ka ba doka ba ce, Allah bai ba mutum rai don ya miƙa wa kowane ɗan iska ba. Ina cikin magana Lawal ya ce akwai mai kira. Muryar matashi ce, mai karin harshen mutanen Yola.

"Baba, mun ji 'yarka ta dawo, muna taya ka murna. To ita ma ai ranta ta kare, ko? Kuma ka ce kada a kawo matansu da 'ya'yansu unguwa. Yanzu wace unguwa za a kai taka?"

Na jira Lawal ya tuna masa ko ni wane ne. Bai tuna masa ba. Me zai ce? Na kashe wayar.

Kare kai da hannu daban, da baki daban. Da na samu lokaci da na bayyana masa. Raina ya ɓaci ƙwarai, ko abincin rana ban ci ba. Shekara takwas ba wanda ya taɓa katse ni.

Asabar, 8 ga Oktoba, da safe

Ban kira ba.

Litinin, 10 ga Oktoba, da safe

Ban kira ba. Wani sakarai daga Adarawo ya cinye lokacin yana maganar yajin aikin jami'a, bai san komai a kai ba.

Laraba, 12 ga Oktoba, da yamma

Fasto ya roƙi a gajarta horon, dattawa suka yarda, ni ma na yarda don kada a ce. Ranar Lahadi za ta furta. Na zaunar da ita a falo na koya mata abin da za ta faɗa, yadda nake koya wa 'yan aji haddar karatu. Na yi musun Ubangijina. Na ƙazantar da jikina. Na kunyata iyayena da ikkilisiya. Ina roƙon gafara. Ta maimaita ba gargada, murya ba hawa ba sauka.

Na ce ta sa rai a ciki, ba lissafi take karantawa ba.

Ta ce, "A can ma haka suka ce mini, Baba."

Da ba don girma ba da na mare ta.

Lahadi, 16 ga Oktoba, da yamma

Majami'a ta cika har waje. Mutanen da rabon su da sujada tun Ista duk sun zo kallo.

Ta taso daga baya, yarinyar tana riƙe da gefen zanenta. Fasto ya ba ta makirufo. Ta faɗi duk abin da na koya mata, ba ta bar kalma ɗaya ba. Fasto ya miƙa hannu zai karɓa, sai ba ta sake ba.

Ta ce, "Akwai saura. Wadda ta ƙi, ba ni ba ce. Sunanta Debbie, 'yar wajen Ganye, ɗakinmu ɗaya a makaranta. Ranar zanena ta ɗaura, shi ya sa aka ce ni ce. Ita aka fara tambaya, ta ƙi, aka yi mata abin da kuke rerawa. Ni ina kusa da ita. Da aka zo kaina na faɗa. Iyayenta ba su san komai ba, wataƙila har yau suna jira. Ku yi mata waƙar, tata ce."

Sai shugabar Zumunta ta fashe da kuka, ta taso ta rungume ta, sauran mata suka biyo baya kamar tumaki. Ba a bi tsari ba sam. Doka ta ce dattawa ne za su fara miƙa hannu. Fasto ma kuka yake yi, namiji da shi. Nan take ya sanar cewa za a nemo iyayen Debbie, mata kuma suka ce za su sauya sunan a waƙa.

Wato wani mutum a Ganye, wanda wataƙila ko addu'ar safe ba ya yi da iyalinsa, shi Allah ya ba. Ni da na tashe ta da asuba tun tana ƙarama tana haddace nassi, ni aka dawo wa da wannan. Na ji kishi, na rubuta, kishi na ji har cikin ƙashina.

Na miƙa mata hannu da aka zo kaina. Jama'a suna kallo.

Litinin, 17 ga Oktoba, da rana

Ita ta kawo mini abinci. Ta ajiye, ta durƙusa, ba ta tashi ba.

"Baba, zan tambaye ka abu ɗaya. Da ni ce aka yanka, da ka fi so?"

Na wanke hannu. Na ce mata wanda ya mutu cikin bangaskiya bai yi asara ba.

"Ba shi na tambaya ba, Baba."

Na ce miyar ta yi gishiri.

Daga baya ta ce, "To, na gode," ta ɗauki ruwan wanke hannu ta fita. Lilian tana tsaye a tsakar gida da muciya a hannu, ta ji duka.

Ban yi ƙarya ba. A rayuwata ban taɓa yi wa ɗa ƙarya don in faranta masa ba.

Laraba, 19 ga Oktoba, da safe

Sun tafi Numan wurin yayan Lilian, su uku. Bappayo ne ya taya su ɗora kaya a Keke, yana ta satar kallon ƙofata. Lilian ta leƙo falo ta ce, "Akwai garin masara a buhu, ka san inda ashana yake." Na ce yaushe za ta dawo. Ta ce, "Ranar da ka haifi 'ya."

Yarinyar ta ɗaga mini hannu daga cikin Keke. Ina riƙe da rediyo, hannuna ba a sake yake ba.

Jumma'a, 21 ga Oktoba, da rana

Gidan ya yi tsit. Ana iya tunani yanzu. Na kira Ishmael a Sangere, bai ɗauka ba.

Lahadi, 23 ga Oktoba, bayan sujada

Wa'azi a kan jinƙai. An san da wa ake. Jinƙai ba tare da gaskiya ba shi ya kai ƙasar nan inda take, daga fadar gwamnati har bagade. Kowa a yafe masa, kowa a ba shi keken ɗinki. Na zauna a kujerata har aka tashi. Jakata ni na ɗauko da kaina.

Talata, 25 ga Oktoba, da yamma

Tuwo ya ƙone mini, ina kankare tukunya waya ta yi ƙara. Wani mai bishara ne daga wani ƙauye can bayan Zing, a Taraba. Da ƙyar nake jin sa, ya ce sai ya hau tudu yake samun layi. Ya ce ya taɓa jin shaidata a wani taro shekarun baya, har yau ba ta bar zuciyarsa ba. Matasansu suna sanyi, wasu suna bin duniya, yana so in zo ranar Lahadi in faɗa musu yadda yarinya ƙarama ta tsaya gaban wuƙa ba ta yi musu ba. Ya ce za su tarye ni a bakin hanya da babur.

Na ci gaba da kankare tukunya. Ya ce, "Baba, kana ji na?"

Na ce ina ji, zan zo.

"Allah ya yi albarka, Baba. Sunanta fa, don mu sanar?"

Na ce Hadassah. Na ce ta rasu tana da shekara goma sha tara.